Kurakuran da masu daɗaɗɗen ciwo suka fi yi wajen shan maganin rage zafi

A cikin kwalin maganin ciwon jiki akwai wata takarda da kusan kowa ke yarwa bai ko warware ta ba. Tana cewa idan ciwon ya wuce 'yan kwanaki, a je a ga likita. Dalili kuwa, an yi waɗannan ƙwayoyi ne domin ciwon da zai zo ya wuce, irin su haƙori da targaɗe da zazzaɓi. To amma mai ciwon bayan da ya shekara huɗu, da mai gwiwar da ke hana shi barci, su ma su suke sha, kullum ta Allah. A wajen likitoci, ciwon da ya haura wata 3 ya zama daɗaɗɗe, kuma daga nan abin dubawa shi ne jimillar abin da ke shiga jiki da tsawon lokacin da aka ɗauka ana ɗura shi. Wannan lissafin ne ba a cika yi ba.

Shan farasitamol ta ƙofa biyu

Iyakar babban mutum mai lafiya ita ce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, tare da barin aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mutane da yawa sun san haka. Inda ake shammatarsu shi ne farasitamol yana cikin wasu magunguna da ba a kiran su da sunansa: na mura, na ciwon kai mai haɗi da kafeyin, da waɗanda ake gaurayawa da kodin ko tiramadol. Mutum yana shan bibbiyu sau huɗu saboda baya, mura ta kama shi ya ƙara da maganinta, shi ke nan ya ƙetare iyaka alhali a ransa bai saɓa wa kowa ba.

Hanta ce ke sarrafa farasitamol, kuma a yayin aikin wani ɗan kaso nasa yakan rikiɗe ya zama guba. Hantar tana da wani sinadari da take kashe dafin da shi, sai dai rumbunsa yana da iyaka. Da ya ƙare, gubar za ta fara cin hantar kanta. Mai yawan shan giya, da wanda ba ya samun isasshen abinci, da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta tun farko, rumbunsu ƙarami ne, don haka ƙwaya 8 ɗin ma na iya yi musu yawa. Abin tsoron shi ne ranar farko mutum zai iya jin kansa garau, ko dai ɗan tashin zuciya. Sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, a lokacin ɓarna ta yi nisa. Akwai makari a asibiti, kuma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko, saboda haka wanda ya gane ya sha fiye da kima ba ya zaman jiran alama. A Amurka da Birtaniya farasitamol ne kan gaba wajen haddasa gazawar hanta ta farat ɗaya, har ta kai a 1998 Birtaniya ta ƙayyade cewa kwalin da ake sayarwa a kanti kada ya wuce ƙwaya 16.

Gyaran ba wuya. Ka juya kwali ka karanta sinadaran da ke ciki. Duk inda ka ga paracetamol, ko acetaminophen, ko APAP, abu ɗaya ne, sai ka haɗa shi cikin lissafin ranar.

Haɗa 'yan gida ɗaya

Ibuprofen, diclofenac, naproxen, piroxicam da asfirin, duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. A 1971 masanin nan na Ingila, John Vane, ya gano yadda asfirin da danginsa ke aiki: suna hana jiki ƙera wasu sinadarai masu jawo kumburi da raɗaɗi. Matsalar ita ce sinadaran nan su ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, su ne ke taimaka wa jini ya isa ƙoda yadda ya kamata. Wanda ya sha ibuprofen da safe, diclofenac da rana, aka kuma yi masa allura da dare, bai samu ƙarin sauƙin a zo a gani ba, haɗarin kawai ya ninka.

"Ai sai da na ci abinci na sha," haka za ka ji ana cewa. Abinci yana rage ƙwannafi da murɗar ciki, gaskiya ne, amma babbar illar ta cikin jini take biyowa, shi ya sa allura ma ba ta tsallake ta ba. Gyambon ciki yana iya zubar da jini ba tare da wani ciwo ba, musamman ga waɗanda suka haura shekara 65. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, ko jiri da kasala marasa dalili, duk na asibiti ne a ranar. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya taɓa yin olsa, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai shan prednisolone, wani maganin kumburi daga dangin da ake kira steroid. Idan har dole sai an daɗe ana sha, likita yakan haɗa da mai kare ciki irin omeprazole. Ga ciwon gwiwa ko na yatsu kuwa, na shafawa ya fi aminci nesa ba kusa ba, domin kaɗan ne ke isa cikin jini.

Ƙoda ita ba ta ƙorafi da wuri. Haɗin da ya fi yi mata illa shi ne maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan, da maganin sa fitsari, sannan a ɗora musu ɗaya daga cikin 'yan gidan nan. Idan gudawa ko amai suka zo suka tsotse ruwan jiki, ƙodar na iya tsayawa cikin kwanaki. Zuciya ma ba ta tsira ba. A watan Satumban 2004 aka janye Vioxx, wani maganin ciwo na wannan dangin, daga kasuwa saboda yadda yake ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, a 2015 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tsananta gargaɗi kan dangin baki ɗaya, ban da asfirin, tana cewa haɗarin na iya farawa tun makonnin farko. Mai juna biyu daga mako na 20 ta guje su sai da umarnin likita, yaro ɗan ƙasa da shekara 16 kuma ba a ba shi asfirin.

Ciwon kan da maganin ke ciyarwa

Wanda yake shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 idan mai kodin ne ko mai haɗe-haɗe, har tsawon wata 3, zai iya wayar gari maganin ne da kansa ke dawo da ciwon. Ya sha ya lafa, ƙarfin ƙwayar ya sauka ciwo ya taso, ya sake sha. Mafitar ita ce a janye maganin da taimakon likita, kuma a sani cewa makon farko ko biyu abin zai fi tsanani kafin kan ya saki.

Idan ƙarami ya gaza, a hau babba

Tiramadol da kodin suna da amfaninsu bayan tiyata, ko karaya, ko ciwon daji. A kan daɗaɗɗen ciwon baya da na gaɓoɓi labarin daban ne. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, an bi mutum 240 masu ciwon baya ko ƙugu ko gwiwa tsawon shekara guda. Waɗanda aka ba wa dangin mofin, wato gidan da tiramadol da kodin suka fito, ba su fi sauran iya harkokinsu ba, illolin magani kuwa sun fi yawa a wajensu.

Jiki yana sabawa da su, sai abin da ya isa a bara ya kasa isa bana. Idan aka tsallake sha sai gumi, ciwon gaɓoɓi, hamma da rashin natsuwa, mai shan ya ce ga shaida nan ciwonsa na buƙatar maganin, alhali ƙishirwar ƙwayar ce ke magana. Wasu ma daɗewa a kansu yana sa jijiyoyinsu su ƙara jin zafi. Tiramadol yana iya jawo farfaɗiya, musamman idan an wuce miligiram 400 a rana ko an haɗa shi da wasu magungunan ciwon damuwa. Kodin kuwa hanta ce ke mayar da shi mofin, kuma mutane sun bambanta: wani kamar bai sha ba, wani ƙwaya kaɗan ta kwantar da shi. Haɗa su da giya, ko diazepam, ko pregabalin, shi ne ke tsayar da numfashi cikin barci. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya. Sauka ake yi sannu a hankali, da likita a gefe.

"Ai ganye ne, ba ya cutarwa"

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin galibi masu yin sa tsoron illar ƙwayoyi ne ya koro su, sai ya zama an gudu ba a tsira ba. Mofin kansa daga tsiro aka samo shi. Hanta ba ta tambayar ko abu daga gona ya fito ko daga masana'anta, aikinsa kawai take gani.

Ɗauki kurkum, wanda yanzu ake zubawa a kafso ana tallata shi ga masu ciwon gaɓoɓi. Ɗan abin da ake barbaɗawa a tukunya ba shi ne abin damuwa ba. Na kafso an tace shi an ƙara masa ƙarfi, sau da yawa kuma an haɗa shi da sinadarin masoro domin ya shiga jini sosai. A 2019 Italiya ta samu jerin mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan irinsa, a 2023 kuma hukumar magunguna ta Ostareliya ta fitar da gargaɗi a kai. Ɓawon bishiyar willow ɗan'uwan asfirin ne, don haka mai haɗa shi da ibuprofen ya koma kuskuren 'yan gida ɗaya. Ganyen St John's wort yana sa hanta ta yi saurin kawar da wasu magunguna, har ya rage ƙarfin warfarin, da ƙwayar tazarar haihuwa, da magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Ginkgo da kafson tafarnuwa suna iya ƙara zubar jini, abin da ya kamata likitan tiyata ya sani tun kafin ranar aiki.

Wasu kuma ba su cika cutarwa ba, aljihu kawai suke ci. A 2006 aka fitar da sakamakon gwajin glucosamine da chondroitin, wasu ƙwayoyin da ake tallatawa domin gaɓoɓi, a kan mutum 1,583 masu ciwon gwiwa, kuma a dunƙule ba su fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan muni. A Amurka, tun dokar 1994, mai sayar da irin waɗannan kayayyaki ba ya buƙatar ya tabbatar wa hukuma suna aiki kafin ya kai su kasuwa, kuma ƙasashe da dama sa idonsu bai kai na magungunan asibiti ba. Ta wannan kafa ake cusa magani na gaske a ɓoye. A 2022 FDA ta gargaɗi jama'a kan wasu kayan ciwon gaɓoɓi masu suna Artri da Ortiga, bayan an samu diclofenac da dexamethasone (shi ma steroid ne kamar prednisolone) a cikin wasunsu ba tare da an rubuta a jiki ba. A ganina, duk "na ganye" da ya ɗauke ciwon shekaru cikin kwana biyu abin zargi ne. Idan fuska ta fara cika tana zama kewayayya, suga ko hawan jini ya tashi, fata ta riƙa ɓurma da ɗan bugu, to da alama dangin dexamethasone ake sha. Nan ma kada a daina kwatsam, domin jiki ya riga ya rage ƙera nasa steroid ɗin da ya saba yi da kansa, yankewar farat ɗaya na iya kai mutum kwance magashiyyan. A ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti.

Ɓoye wa likita, da barin magani shi kaɗai ya yi aikin

Kunya ko tsoron faɗa kan sa mutum ya ambaci ƙwaya ɗaya ya haɗiye sauran. Ka tattara duk abin da kake sha cikin jaka guda, har da na shafawa da na ganye da wanda wani ya sam maka, ka zube su gaban likita ko masanin haɗa magunguna, ka faɗi adadin da kake sha na gaskiya. Idan ka daɗe a kan dangin ibuprofen, ka nemi a auna maka hawan jini da aikin ƙoda da yawan jini.

A 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta shawarci likitoci cewa ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba, kada a ɗora mutum a kan farasitamol ko dangin ibuprofen ko na mofin. Ta fi karkata ga motsa jiki a ƙarƙashin kulawa, da zama da masanin halayyar ɗan'adam domin koyon rayuwa da ciwo, da wasu magungunan ciwon damuwa irin amitriptyline da duloxetine. Masu ciwo ba sa son jin maganar motsa jiki, kuma ban ga laifinsu ba, amma kwanciya tana ƙara sandarar da gaɓoɓi ta raunana tsoka.

Wani ciwon kuma bincike yake nema tun kafin a yi zancen ƙwaya. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, na gaggawa ne a wannan ranar. Wanda ya zo da rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko yake tsananta da dare ko da an kwanta, shi ma a kai shi a duba cikin 'yan kwanaki.