Yadda Ake Shigar da Bidiyo Cikin Kundin Ɗaukaka Ƙara a Shari'ar Tuƙi Cikin Maye a Amurka

Kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ba ta sake kiran shaidu, ba ta kuma karɓar sabuwar hujja. Abin da ke cikin kundin da ƙaramar kotu ta aiko mata kawai take dubawa. A shari'ar tuƙi cikin maye kuwa, sau da yawa bidiyon kyamarar motar 'yan sanda, ko wadda ke maƙale a ƙirjin jami'i, shi ne ƙashin bayan ƙarar. Ɗan sanda ya ce direba na tangaɗi, bidiyo ya nuna a gwajin maye mutum ya yi taku tara a miƙe, dunduniya na taɓa yatsa, ya juyo ya sake tara. In faifan bai isa gaban alƙalai ba, maganar ɗan sandan ce za ta tsaya.

Aikin yana farawa tun a ƙaramar kotu. Kunna bidiyo a zaman shari'a bai wadatar ba. Sai lauya ya nemi a ba bidiyon lamba, a karɓe shi a matsayin hujja. In alƙali ya ƙi, a roƙa a ajiye shi cikin kundi a matsayin abin da aka gabatar aka ƙi, don na sama su ga abin da aka hana.

Ga inda aka fi yin sake. Mai rubuta zaman kotu galibi ba ya rubuta maganganun cikin faifan, sai ya sa "an kunna bidiyo" ya wuce. Faifan na iya kai awa guda, alhali minti biyar aka nuna. Saboda haka lauya ya faɗa da bakinsa: "Ya mai shari'a, mun fara daga minti 4 da daƙiƙa 10, mun tsaya a minti 9." A ganina wannan jimlar ta fi doguwar muhawara amfani daga baya.

Bayan hukunci, a shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara cikin wa'adi. A kotunan tarayya kwana 14 ne a shari'ar laifi. Amma akasarin waɗannan ƙararraki na kotunan jihohi ne, kowace da nata wa'adin, da yawa kwana 30. Sai a nemi rubutun zaman kotu, a kuma ambaci bidiyon da lambarsa cikin abubuwan da za a tura, domin ba ko'ina ake aika faifai ba tare da an nema ba.

Daga nan a je wurin magatakardan kotu a kunna ainihin kwafin da aka ajiye. Wasu kyamarorin 'yan sanda ba sa buɗuwa sai da manhajarsu, wani lokaci hoto ya fito babu sauti. In faifan ya ɓace ko ya lalace, a gaggauta neman gyara kundin. A tarayya ƙa'ida ta 10 ta dokokin ɗaukaka ƙara ta ba da wannan dama. Kada a yi jinkiri, domin kotuna kan ɗauka cewa abin da babu a kundi yana goyon bayan hukuncin da aka yanke.

Alƙalan sama suna kallon bidiyo da idonsu. A shari'ar Scott da Harris ta 2007, Kotun Ƙolin Amurka ta fifita bidiyon motar 'yan sanda a kan labarin direban da ya saɓa masa. Don haka a takardar hujjojin da lauya ke miƙa wa kotun ɗaukaka ƙara, duk maganar da aka jingina ga faifan a rubuta lambar hujjar da minti da daƙiƙarta.