Babi na Shida: Wane Namiji Za A Bar Wa Garke?

Ku tsaya da hantsi ku dubi wata katanga da rana ke bugu a Agege ko Idi-Araba a Legas. Za ku ga jan gwada a saman bulo, kai ja, jiki baƙi-baƙi mai shuɗi, yana ta gyaɗa kai. Ƙasa da shi ga mata, launinsu na ƙasa, ba sa jan ido. In wani namiji ya hau katangar, sai su juya gefe su riƙa zabga wa juna wutsiya har ɗaya ya gudu. Wanda ya rage shi ke da katangar, kuma yawanci shi ke barbarar matan da ke wurin. Jan kan nan bai ƙara masa ko ƙwaro ɗaya na abinci ba. Sai ma ya sa shaho da yara masu danƙo sun fi saurin hango shi. Amfaninsa shi ne korar kishiya da samun mata.

Wannan shi ne abin da za mu kira zaɓen barbara a wannan babi. Baturen Ingila Charles Darwin ya yi dogon bayani a kansa a shekarar 1871. Ya lura cewa tsawon rai kawai bai isa dabba ta bar baya ba, sai ta samu abokin barbara. Hanya biyu ce. Ko dai maza su gwabza, kamar yadda raguna ke karo da ƙaho, mai ƙarfi ya kori raggo. Ko kuma mace ta duba ta zaɓa, kamar yadda macen ɗawisu ke duban jelar namiji. Siffar da ke kawo nasara ita 'ya'ya ke gada, kuma in aka daɗe a haka, kamannin jinsin gaba ɗaya sai su sauya.

Shin mace na zaɓe da gaske?

An gwada, an gani. A 1982 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Malte Andersson, ya yi aiki a Kenya kan wani baƙin tsuntsu wanda jelar namijinsa ke kai rabin mita. Ya yanke jelar wasu ta koma santimita 14. Abin da ya yanke ya liƙa wa wasu, tasu ta kai wajen santimita 75. Sauran ya bar su da tsawonsu. Mata suka fi zuwa yin sheƙa a filin waɗanda aka ƙara wa jela.

Kaza ma haka take, kuma wannan ya fi shafarmu. Ta fi karkata ga zakara mai babban zanko ja wur. Akwai dalili. Zanko nama ne mai cike da jini, kuma da zarar tsutsar ciki ko wata cuta ta kama zakara, sai ya koɗe ya yi yaushi. Mara lafiya ba ya iya yin ƙaryar zanko. Saboda haka kazar da ta bi jan zanko, lafiyayyen uba ta samar wa 'yan tsakinta. Har bayan barbara zaɓenta bai ƙare ba: kaza na iya fitar da maniyyin ƙaramin zakaran da ya danne ta ba da sonta ba, ta riƙe na babban.

Abin da gasar maza ke yi wa garke

Kowace dabba tana ɗauke da wasu miyagun ƙwayoyin gado a ɓoye. Namijin da suka yi wa yawa yakan zama mai rauni, ya kasa faɗa, mata su guje shi. Ya mutu bai haihu ba, miyagun ƙwayoyin su tafi da shi. Gasar kamar rariya ce, tana tace tsaki kowane zubi, wato daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Masana a Jami'ar East Anglia ta Ingila sun nuna haka a 2015 da ɗan jan ƙwaron nan da ke shiga garin alkama in ya daɗe a buhu. A wasu rukunai sun haɗa maza 90 da mata 10, gasa ta yi zafi. A wasu kuma namiji ɗaya mace ɗaya, ba gasa ba zaɓe. Bayan kimanin shekara 7 a haka, sai suka shiga haɗa wa da ƙanwa a kowane zubi, don ɓoyayyen aibi ya fito fili. Zuri'ar da ba ta san gasa ba duk ta ƙare kafin ta wuce zubi na 10. Daga cikin waɗanda suka fito daga gasa, akwai waɗanda suka kai zubi na 20 suna nan da rai.

Amma kada a ɗauka duk abin da ke jawo mata alheri ne ga dabba. A tsibirin St Kilda na Sikotilan akwai tumakin jeji da aka daɗe ana bibiyarsu. An gano cewa raguna masu manyan ƙahoni sun fi samun 'ya'ya a shekara, amma masu guntun ƙaho sun fi su tsawon rai. Ado da makami suna cin jiki. Gasa ma in ta yi yawa, mata ke shan wuya. Duk wanda ya tara zakaru a ƙaramin akurki ya ga haka: bayan kaji ya tsige, ƙeyarsu ta yi rauni, ƙwai ya ragu.

Inda mu masu kiwo ke juya abin

A Legas wuri ya yi ƙaranci. Mai kaji goma a bayan ɗaki zakara ɗaya gare shi. Mai tumaki shida a lungu rago ɗaya ya ɗaure. Ba karo, ba zaɓen mace. Rariyar nan da muka ambata ta koma hannun mai kiwo, kuma abin baƙin ciki, sau da yawa a kife muke riƙe ta.

Babbar Salla ta matso, farashi ya tashi a kasuwar dabbobi ta Kara, sai a fitar da ragon da ya fi kowanne girma a sayar. Baƙo ya zo daga gida, a yanka masa zakaran da ya fi ƙiba. Wanda ya rage a gida shi ne wanda ba mai saye, kuma shi zai zama uban duk abin da za a haifa bana. A yi haka shekara biyar, sai a fara cewa tumakin yanzu ba sa girma.

Irin wannan ya faru ga ragunan dutse a lardin Albata na ƙasar Kanada. Mafarauta sun riƙa harbe masu manyan ƙahoni tun ba su kai shekarun da suka fi yin barbara ba. Binciken da aka fitar a 2003 ya nuna cewa cikin shekara 30, ƙahon ragunan wurin da nauyinsu duk sun ragu.

Don haka ku zaɓi namijin iri kafin ku zaɓi na sayarwa. Ku ɗaura masa alama wata biyu kafin Salla, ku gaya wa mutanen gida cewa wannan ba na kasuwa ba ne.

Duba zakara

Kada ku saye shi a ɗaure ƙafa a kasuwar Mile 12 ba ku ga tafiyarsa ba. A kwance shi ya taka. Zanko ya kasance ja mai tauri, ba ƙuraje, ba baƙin tabo. Ido garau, hanci a bushe. Ku ɗaga fiffike ku duba ƙwarƙwata, ku shafa ƙashin ƙirji: in ya fito kamar wuƙa, rama ce. Yatsu su miƙe, don zakara mai karkatattun yatsu ba ya iya tsayawa daidai a bayan kaza. A gida ku watsa tsaba ku tsaya nesa. Zakaran kirki yakan tsinci ƙwaya ya yar, yana kiran kaji su zo su ci.

Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In kaji sun fi haka, baragurbi zai yi yawa. Kaza na ajiye maniyyi a jikinta har mako biyu ko fiye, saboda haka in kun sauya zakara, ku jira mako uku kafin ku lissafa ƙwan a matsayin na sabon. A kwana na 7 na kwanci, ku haska ƙwai da tocila a ɗaki mai duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyin jini kamar saƙar gizo. In fiye da ƙwai 3 cikin 10 suka fito fes ba komai, ku fara tuhumar zakaran.

Duba rago

A nan ido ya fi ruɗin mutum. Ragon layya ana kallon tsayinsa da murɗin ƙahonsa da ƙibarsa. Ragon iri kuwa daga ƙasa ake fara duba shi. Ku kama 'ya'yan marainansa: su zama biyu, girmansu ɗaya, da ɗan tauri, ba kumburi ba ƙullutu. Tsakanin raguna biyu sa'o'in juna, wanda nasa suka fi girma yakan fi yawan maniyyi. Ku duba kofato, domin damshin daminar Legas na ruɓar da shi, kuma rago mai ɗingishi ba ya hawa. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa: ja alamar jini ce, fari alamar tsutsa ta sha shi. Ku buɗe baki. Manyan haƙora biyu na gaba suna fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, kuma haƙoran su zauna daidai da dasashin sama.

Ragon da aka ɗura wa dusa don kasuwa yakan yi kasala wajen barbara. Wanda ya yi zazzaɓi kuma a ba shi mako 7 zuwa 8, don maniyyin rago na ɗaukar kusan mako 7 kafin ya haɗu. Tumaki irin Balami da Uda sun fi girma, amma na busasshiyar ƙasa ne. Gajerun tumakin kudu sun fi su jure damshi da sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa. Wanda zai haɗa su ya tuna cewa ɗan babban rago na iya wahalar da ƙaramar tunkiya wajen haihuwa.

Baligin rago na iya ɗaukar tumaki 30, matashi kada ya wuce 15. Tunkiya na neman rago kusan kowane kwana 17, cikinta wata biyar. In tumaki da yawa suka sake nema bayan an hau su, matsalar ta ragon ce. Sabon rago a ware shi mako uku kafin ya shiga garke, a nuna shi ga likitan dabbobi.

Namiji ɗaya, dangi ɗaya

Ko namijin ya kai yaya kyau, in ya daɗe zai hau 'ya'yansa. Daga nan ake samun ƙwai da ba ya ƙyanƙyashewa, 'yan raguna masu mutuwa a makon farko, da tsumburewa. Ku sauya zakara kowace shekara, rago kuma kafin 'ya'yansa mata su isa barbara, wato cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba sai an saya ba. Maƙwabta uku ko huɗu na iya musayar maza a tsakaninsu, muddin dabbobin ba gida ɗaya suka fito ba. Sauran mazan da ba a zaɓa ba a dandaƙe su ko a ware su tun suna wata uku.

Masana na da lissafin da ke nuna faɗin irin garke. A ninka yawan maza da yawan mata, a ninka da 4, a raba da jimillarsu. Rago 1 da tumaki 20: 1 sau 20 sau 4 ya ba da 80, a raba da 21, an samu kusan 4. Wato kai 21 ne a ido, amma ta fuskar gado tamkar dabbobi 4 ne.

Aikin aji

Ku yi wannan lissafi da raguna 4 da tumaki 20, ku kwatanta da amsar da ke sama. Sannan kowa ya rubuta a littafinsa yawan maza da matan da yake kiwo, da watan da namijinsa ya shigo gidan, da inda aka samo shi. A zo da shi darasi na gaba.