Filash ɗin ceto ya ƙi tashi ko ya ƙi ganin disk? Kurakuran da aka fi yi da Clonezilla da GParted

Duk mai kula da kwamfutarsa da kansa ya kamata ace yana da filash ɗaya ko faifan DVD a ajiye wanda kwamfuta zata iya tashi daga kansa ko da Windows ya mutu murus. A ciki ana so a samu kayan aiki iri biyu, na ɗaukar bakof ɗin disk gaba ɗaya kamar Clonezilla, da na yanka fatishan, wato sashen disk irin C ko D, ko faɗaɗa shi kamar GParted. Wasu Rescuezilla suke amfani dashi tunda shi yazo da GParted a cikinsa kuma yana karanta bakof ɗin Clonezilla, wasu kuma SystemRescue. Abinda yake damuna da wannan haɗin shine kayan yanka da kayan ajiya suna zaune waje ɗaya, kuma mutane da yawa na yankan suke fara buɗewa. Zan dawo kan wannan, bari mu fara da tashin filash ɗin tukunna tunda nan aka fi maƙalewa.

Kuskuren farko, mutum ya sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗaya mai ɗauke da duk abinda ke cikin faifan manhajar, sai kawai ya kwafa shi cikin filash kamar yadda ake kwafar hoto ko waƙa, sai ya kunna kwamfuta yana jira ta tashi. Bazata tashi ba. ISO rubuta shi akeyi da manhaja irin Rufus ko balenaEtcher, kuma ka sani rubutun yana goge duk abinda ke cikin filash ɗin. In faifai ne to ƙona shi zakayi a matsayin hoton faifai, in ka buɗe faifan bayan ka gama kaga fayil ɗaya tak mai .iso a ƙarshe to baka yi daidai ba, foldoji ya kamata ka gani. Inda kwafa kai tsaye take aiki shine in ka fara saka Ventoy akan filash ɗin, shi dama haka aka gina shi, zaka zuba ISO na Clonezilla da na GParted da duk wanda kake so sai ya nuna maka jerinsu ka zaɓa lokacin tashi. In Rufus kake amfani dashi kuma filash ɗin ya ƙi tashi, sake rubutawa, inda ya tambayeka tsakanin ISO da DD ka zaɓi DD, sau da yawa wannan kaɗai yana warware matsalar.

Sannan akwai fayil ɗin da bai sauku daidai ba, intanet ya yanke a tsakiya ko wani ɓangare ya lalace, filash zai fara tashi sai ya tsaya a hanya da rubutun da bazaka gane ba. Shafin da ka sauke yana bada lambar SHA256 wadda ake tantance cikar fayil da ita, a Windows ka buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin ka kwatanta, minti ɗaya ne. CD kuma 700MB kawai yake ɗauka, yawancin waɗannan kayan yanzu gara filash.

To an rubuta daidai amma kwamfuta tana wucewa Windows kai tsaye kamar bata ga filash ba. Anan maɓallin zaɓen abin tashi zaka danna da zarar ka kunna, Dell da yawancin Lenovo F12 ne, HP kuma F9, ASUS Esc ko F8. Ka lura sosai da jerin da zai fito domin sau da yawa filash ɗinka zai fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa ɗaya babu, UEFI shine sabon tsarin tashin kwamfuta. Ka zaɓi irin wanda Windows ɗinka yake amfani dashi, kwamfutocin zamanin nan kusan duka UEFI ne. In ya nuna maka saƙon cewa an hana tashi saboda tsaro to Secure Boot ne, Clonezilla na 64-bit yana iya tashi dashi a kunne amma SystemRescue sai ka kashe shi a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi. Amma dan Allah kafin ka taɓa Secure Boot ka tabbatar ko disk ɗin yana da BitLocker, wato kullen da Windows yake wa bayanan disk, domin laftof da yawa suna zuwa da shi a kunne mai ita bai ma sani ba, kana canza saitin sai Windows ya nemi makullin nan mai lambobi 48, in baka dashi ka kulle kanka a waje. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, a nemo shi a rubuta a takarda tukunna.

In menu ya fito ka zaɓa sai sikirin yayi baƙi ƙirin, matsalar katin hoto ce ba disk ba, ka koma ka zaɓi layin da aka rubuta safe graphics ko ka ƙara nomodeset a layin tashi. In kuma yana tsayawa a wurare daban daban kowane lokaci, yau nan gobe can, ka canza ramin USB ka cire duk wani hob mai ƙara ramukan USB, in ya cigaba ka gwada RAM da Memtest86+ wanda yawancin waɗannan faifan suna zuwa dashi. RAM mai matsala zai iya lalata bakof ɗinka shiru baka sani ba, shiyasa bana wasa da wannan alamar.

Yanzu ya tashi lafiya amma GParted baya nuna disk ɗin cikin kwamfutar sam, filash ɗinka kaɗai yake gani. Mutane da yawa anan suke yanke hukuncin cewa disk ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. A laftof masu Intel sau da yawa BIOS yana saita disk akan RAID ko RST ko VMD, Linux ɗin dake cikin filash ɗin kuma bazai ganshi a haka ba. Ka shiga BIOS ka maida shi AHCI, kayi aikinka, in ka gama ka maida shi yadda ka same shi kafin ka kunna Windows, in ka manta zaka ga shuɗin sikirin da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ba abinda ya lalace, saitin kawai zaka mayar.

Wani lokacin kuma disk ɗin ya fito amma fatishan ɗin Windows yana da alamar gargaɗi a gefensa, GParted ya ƙi rage shi, Clonezilla ma yana ƙorafi. Tun daga Windows 8 akwai abinda ake kira Fast Startup, in ka danna Shut down ba mutuwa yake gaba ɗaya ba, rabin barci yake yi ya bar fatishan ɗin NTFS kamar ana cikin amfani dashi. Ka koma Windows ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, ko ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off, in akwai kuskure a fatishan ɗin ka gudanar da chkdsk /f sannan ka dawo. Kar ka tilasta. Alamar makulli kuma a GParted tana nufin fatishan ɗin a ɗaure yake ana amfani dashi, ka danna dama ka zaɓi unmount, in swap ne swapoff.

To ga inda nace zan dawo, kuma wallahi shine dalilin da yasa na zauna rubuta wannan. Mutum yana so ya rage C ya samu wuri, ya buɗe GParted, ya ja ya rage, ya danna Apply, bai ɗauki bakof ba domin a ganinsa aikin minti biyar ne kuma Clonezilla zai ci masa awa guda ko biyu. GParted manhaja ce mai kyau, amma in tana cikin matsar da fatishan wuta ta ɗauke ko batir ya ƙare ko kebul ya motsa, rabin bayananka suna tsohon wuri rabi suna sabo, babu maɓallin komawa baya. Rage fatishan daga ƙarshensa da sauƙi, matsar da farkonsa shine mai haɗari domin sai an kwashe komai an matsar, yana iya ɗaukar awanni kuma yana iya hana Windows tashi, GParted da kansa yana gargaɗi akan haka mutane suna danna OK basu karanta ba. Tsarin shine Clonezilla farko, ka zaɓi savedisk mai ɗaukar disk gaba ɗaya, sannan GParted. Caja a jone. Kuma kar ka tara ayyuka goma a layi ka danna Apply sau ɗaya, kayi ɗaya ka duba sannan na gaba. Bayan ka rage NTFS in Windows ya tashi zai tsaya yana duba disk, haka ya kamata, ka barshi ya gama kar ka kashe.

Shi kansa bakof ɗin akwai kurakuransa. Wasu suna ajiye shi a wani fatishan na disk ɗin da suke gyarawa, ranar da disk ɗin ya mutu dashi zai tafi, dole ya zama wani disk daban. Wasu kuma saveparts mai ɗaukar zaɓaɓɓen fatishan suke yi na C kaɗai su bar ƙaramin fatishan ɗin EFI mai FAT32 wanda shine yake tada Windows, sai an dawo da bakof akan sabon disk kwamfuta ta ƙi tashi. In ba ka san abinda kake yi sosai ba savedisk zaka zaɓa ya ɗauki duka. In disk ɗin ajiyar FAT32 ne ka tuna fayil ɗaya baya wuce 4GB, ka bar Clonezilla ya rarraba bakof ɗin gunduwa gunduwa, ko kuma kayi amfani da NTFS ko ext4. Kuma in ya tambayeka ko ya duba bakof ɗin bayan ya gama ace eh, nasan yana ƙara lokaci amma bakof ɗin da ba'a duba ba baka san ko zai dawo ba sai ranar da kake tsananin buƙatarsa. Kar ka canza sunan fayilolin dake cikin foldar ko ka cire wasu, folda ɗin gaba ɗaya shine bakof ɗin.

Sai babban kuskuren da ba'a gyara shi cikin sauƙi, juya tushe da inda za'a kai. A nan babu C babu D, sda da sdb da nvme0n1 zaka gani, kuma sunayen suna iya canzawa daga wannan tashin zuwa wancan, disk ɗin da yake sda jiya zai iya zama sdb yau saboda ka jona wani filash. Idan kana kwafar disk zuwa disk ka juya su, Clonezilla zai kwafe sabon disk ɗin da ba komai a ciki ya shimfiɗa akan wanda yake ɗauke da aikinka na shekaru. Yana tambaya sau biyu kafin ya fara, kuma a duka biyun yana nuna sunan disk ɗin da girmansa da lambar siriyal, ka karanta. Ni kafin in fara nakan rubuta lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL in kwafe a takarda, in cire duk disk ɗin da aikin bai shafa ba. Girma kaɗai baya isa in disk biyun iri ɗaya ne. Kuma kar ganin 465GB ya ruɗeka akan disk ɗin da aka rubuta 500GB a jikinsa, kamfani da dubu yake lissafi, kwamfuta kuma da 1024.

In ka riga ka goge teburin fatishan bisa kuskure, ka tsaya cak. Kar kayi fomatin, kar ka ƙirƙiri sabon fatishan a wurin, kar ka saka Windows. TestDisk yana iya nemo fatishan ɗin da suka ɓace muddin ba'a rubuta wani abu a kansu ba, PhotoRec kuma yana tsamo fayiloli amma ba da sunayensu ba.

Maganar girma, daga hard disk na 500GB zuwa SSD na 480GB Clonezilla zai ƙi yace inda za'a kai yayi ƙanƙanta, ko da 100GB kawai kayi amfani dashi, domin girman fatishan yake dubawa. Sai ka ɗauki bakof, ka rage babban fatishan da GParted har duka su shiga cikin sabon, sannan ka shiga Expert a Clonezilla ka kunna -icds, wanda yake sa ya tsallake duba girman disk ɗin da za'a kai. In zuwa babban disk ne kuma zaka ga fili ya rage a ƙarshe, sau da yawa ƙaramin fatishan ɗin Recovery yana tsakanin C da filin sai ka matsar dashi kafin C ya faɗaɗa. Tsohon tsarin raba disk na MBR fatishan huɗu na asali kawai yake ɗauka kuma baya amfani da abinda ya wuce 2TB, sabon tsarin GPT bashi da wannan matsalar, amma kar ka danna Create Partition Table a GParted da niyyar canzawa, wannan yana share teburin disk ɗin gaba ɗaya.

Disk mai ciwo kuma, wanda yake ƙara ƙas ƙas ko yake tsayawa yana bada kuskuren karatu, ba'a yi masa chkdsk ba'a rage masa fatishan, duk wani aiki yana ƙara masa rauni. Ka duba lafiyarsa da smartctl -a, in kaga sassan da suka lalace suna da yawa to ddrescue zakayi amfani dashi zuwa wani disk lafiyayye, kuma ka bashi fayil ɗin taswira domin in ya tsaya ya cigaba daga inda ya tsaya, shi yana fara kwashe wuraren da suke karantuwa sannan ya dawo kan masu wahala. Duk gyaran da zakayi akan kwafin zakayi shi.

In ka gama kwafar disk zuwa disk ka kashe kwamfutar ka cire tsohon kafin ka kunna, domin yanzu su biyun lambar shaidarsu ɗaya ce, Windows zai iya ajiye ɗaya a gefe ya ƙi buɗe shi, Linux kuma zai iya tashi da fatishan ɗin tsohon kana zaton sabon kake kai. In sabon ya ƙi tashi ka duba jerin tashi a BIOS da saitin AHCI ɗin nan da ka canza, in duk daidai ne ka tashi da filash ɗin saka Windows ka gyara fayilolin tashi da bcdboot. Tsohon disk ɗin kuma ka ajiye shi a gefe yadda yake na sati ɗaya ko biyu har sai ka buɗe fayilolinka akan sabon ka tabbatar komai yana nan kafin ka goge shi.