Yadda Ake Neman Gidan Haya a Kano Har a Karɓi Makulli

Wanda ya tashi neman gidan haya a Kano ya kamata ya fara da lissafin aljihunsa kafin ya shiga zagayen unguwanni, domin galibi kuɗin shekara guda ake biya a dunƙule, kuma a kansa akwai la'adar dillali, wadda aka saba yankewa kashi 10 cikin 100. Idan lauya ne zai rubuta yarjejeniya, shi ma yana da nasa kason, sannan ga kuɗin motar kwashe kaya, ga fenti, ga gyare-gyaren da ba a rasawa. A cikin wannan lissafi a sa nisan wurin aiki. Ma'aikacin da ke zuwa Bompai kullum, idan ya kama gida a Rijiyar Zaki saboda ya samu rangwame, abin da ya rage a haya zai ƙare a hannun masu adaidaita sahu tun shekara ba ta yi nisa ba, alhali Dakata ko Kawaji sun fi kusa da Bompai.

Da wuya a samu gida ba tare da dillali ba, amma a nemi wanda aka sani a unguwar, wanda yake da wurin zama kuma mai unguwa ya san da shi. Tun a zaman farko a faɗa masa abin da ake so, ciki da falo ne a gidan yawa ko gida mai zaman kansa, da iyakar abin da za a iya biya, a kuma daddale kan kuɗin ganin gida da la'ada. Kusan kowane dillali zai ce, "Alhaji, akwai wanda ya ce zai kawo kuɗi da yamma, gara ka ba da wani abu." Wata rana gaskiya yake faɗa, sau da yawa kuma dabarar ciniki ce kawai, kuma ko ma wanne ne bai kai a saki kafin alƙalami kan gidan da aka gani sau ɗaya ba.

Duba gida shi ne wurin da ya cancanci a ɓata lokaci. Gidan da aka gani a watan Janairu, ƙasa a bushe, fenti sabo, ba lallai ya zama shi ne gidan da za a zauna cikinsa a watan Agusta ba. A durƙusa a dubi gindin bango, ciki da waje. Idan akwai layi mai duhu da ya zagaye shi, ko siminti yana ɓarɓashi da fari-fari kamar gishiri, ruwa yana kwanciya a nan. A ɗaga kai a dubi silin, domin tabon ruwan ƙasa mai zagaye shaidar yoyo ce, ko da an shafa masa farin fenti. A duba ko tsakar gidan ta fi titi ƙasa, a bi kwata a ga inda take zubarwa, a zuba bokitin ruwa a banɗaki a ga yadda yake wucewa, a tambayi yaushe aka kwashe masai. A ganina mai shayi ko mai kantin bakin layi ya fi dillali amfani a wannan gaɓa, don shi ba la'ada yake jira ba, kuma ya san ko lungun yana cika da ruwa da damina, ya san dalilin tashin wanda ya bar gidan.

Batun ruwa da wuta ma a bi shi dalla-dalla. Idan rijiya ce, a tambaya ko tana ƙafewa da bazara. Idan burtsatse ce, a san wanda ke biyan gyaran injinta. Idan kuwa 'yan garuwa ne abin dogaro, a lissafa kura nawa iyali za su sha a mako. A ɓangaren wuta, a karɓi lambar mita a bincika a ofishin KEDCO ko akwai tsohon bashi a kanta, domin bashin yana bin mitar ne, kuma sabon ɗan haya zai iya tarar ana zaftare masa kati saboda wutar da wani ya sha. A kuma tambayi rukunin farashin wuta da layin yake ciki, tunda daga watan Afrilun 2024 masu rukunin A suna biyan kuɗi mai yawa fiye da sauran. Yana da kyau a sake komawa bayan sallar isha'i a ga yadda unguwar take da dare.

Idan gida ya kwanta a rai, sai a nemi ganin mai shi ido da ido, ko wakilin da ke riƙe da takardar wakilci. A nan ne mutane suka fi yin asara, musamman a gidajen gado da ba a raba ba, inda ɗaya daga cikin magada zai karɓi kuɗi, bayan wata biyu sauran su zo su ce ba da yawunsu ba. Mai unguwa da tsofaffin maƙwabta sun san asalin kowane gida a layinsu. Kuɗin kuma a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, a karɓi rasit mai nuna adireshi da adadin kuɗi da ranar farawa da ranar ƙarewa.

Kada kunya ta hana a rubuta yarjejeniya, ko da mai gidan abokin mahaifi ne. A sa sunayen ɓangarorin biyu da shaidu biyu, a fayyace wanda zai ɗauki gyaran rufi da kwashe masai, da yadda za a cire kuɗin duk gyaran da ɗan haya ya yi da izini, da wa'adin sanarwa kafin ƙarin kuɗi ko tashi. A dokokin jihohi da dama na Najeriya, idan takarda ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biyan shekara-shekara yana da sanarwar wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, bayan haka a ba shi ta kwana bakwai kafin a je kotu, kuma mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watso kaya waje da kansa. Amma abin da aka sa wa hannu shi kotu za ta fara dubawa, don haka a karanta kowane layi, kowa ya riƙe kwafinsa.

Ranar karɓar makulli, kafin a shigo da ko tabarma, a zagaya da mai gida ko wakilinsa a ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, har da fasasshen gilashi da famfon da ke ɗiga da abin da mita ta nuna, a tura masa ta WhatsApp domin kwanan wata ya zauna a rubuce. Daga nan a kira kafinta ya canza kwaɗon ƙofar waje da na ɗakuna, tunda ba a san hannu nawa tsofaffin makullan suka ratsa ba.