Darasi na Bakwai: Idan Na'ura Ta Ƙi Karanta Yatsa

Dubi cikin babban yatsanka. Za ka ga layuka ƙanana a kanannaɗe. Kowa da irin nasa, ko tagwaye ba su haɗa zane ɗaya ba. Na'urar da ake dangwala yatsa a kanta tana duba wuraren da layi ya tsaya da inda ya rabu biyu, ta kwatanta su da waɗanda aka adana ranar da ka yi rajista.

Da wannan ake aiki a banki tun 2014, da aka fara lambar BVN. Haka ma hukumar NIMC mai ba da NIN, inda ake ɗaukar yatsu goma da hoton fuska. Kowace daga cikin lambobin nan biyu alƙaluma 11 ce.

To me ke sa na'ura ta ƙi? Yawanci laifin fata ne. Sanyin hunturu yana busar da yatsa, layukan su kasa fitowa a gilashi. Shafa yatsan a goshi ko gefen hanci, ɗan maiƙon wurin ya wadatar. In kuwa gumi ko man girki ya yi yawa, layukan kan haɗe, sai a goge da busasshen ƙyalle. Manomi da magini da mai wankau, fartanya da siminti da sabulu sun cinye musu zane. Su nemi a gwada wani yatsan. Mata kuma su jinkirta ƙunshi har bayan rajista, domin lalle mai duhu yakan hana na'ura gani.

Wajen dangwalawa, a goge gilashin tukuna. Kwantar da cikin yatsa gaba ɗaya, ba kansa kaɗai ba. Danna kaɗan, kada ka murza, ka tsaya har ma'aikaci ya ce ka ɗaga. Dannawa da ƙarfi tana baje layukan. Ranar zaɓe, in yatsa ya ƙi, na'urar BVAS tana iya tantance ka da fuska.

A kula sosai: lambar sirri ta katin banki ana canza ta in ta fita, zanen yatsa kuwa ba ya canzuwa. Kada ka dangwala wa wanda ya biyo gida da na'ura yana alƙawarin tallafi sai ka tabbatar daga inda yake.

Aiki: Rubuta abubuwa uku da ke hana na'ura karanta yatsa, da maganin kowanne.