Darasi na Bakwai: Sifana Mai Awon Ƙarfi

A gareji da rumfar masu faci an saba ganin yaro ya zura bututun ƙarfe a sifanar taya, ya hau kai yana tsalle har noti ya yi ƙara. Mai mota kuma yana gefe yana murna, wai taya ta ɗauru. Wannan ɗauri ɓarna ne. Kusar da aka matse fiye da kima miƙewa take yi, ta raunana, wata rana ta tsinke ana tsakiyar tafiya.

Kowane noti yana da iyakar ƙarfin da kamfani ya yanka masa. Ana auna ƙarfin murɗawa da ma'aunin da ake rubutawa Nm. Idan ka rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya, ka ba noti kusan 100 Nm. Notin tayar Toyota Corolla 103 Nm yake so. To, mutum mai kilo 70 da ya hau bututu mai mita ɗaya ya zuba masa kusan 700 Nm ke nan, fiye da ninki shida na abin da ake bukata.

Maganin wannan shi ne sifana mai awo. Akwai mai allura, akwai mai nuna lamba kamar agogon hannu, amma wadda ta fi yawa ita ce mai yin ƙas, wato ƙarar da take yi idan noti ya kai ƙarfin da aka saita. Za ka murɗa mariƙinta har ya kai lambar da ke cikin littafin motar, ka kulle. Duba da kyau, wasu suna da layin lambobi biyu, Nm da wani ma'aunin da ake rubutawa ft-lb. Ba ɗaya ba ne: 76 ft-lb shi ne 103 Nm.

Fara ɗaura noti da yatsu don haƙoransa su hau daidai. Sannan ka sa soket, wato kan da ke kama noti, ka riƙe tsakiyar mariƙi, ka ja a hankali ba fizga. Da ka ji ƙas, tsaya. Kada ka ce bari in ƙara kaɗan, nan ne yawancin masu koyo suke ɓata aikin. Notocin taya kuwa ba a bin su a jere. Ka ɗaure wannan, ka tsallaka zuwa na ɗaya gefen. Kada ka shafa musu mai sai in littafi ya ce a shafa, domin mai yana sa noti ya matsu fiye da abin da lamba ta nuna.

Ba a kwance noti da sifana mai awo, ba a ƙara mata bututu. In an tashi aiki, a mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta, a sa ta a akwatinta. A kai ta a duba daidaitonta sau ɗaya a shekara.

Aikin aji

Malami ya zana lambobin mariƙi a allo. Kowane ɗalibi ya fito ya nuna inda 103 take, sannan ya rubuta a littafinsa: "Da na ji ƙas, zan tsaya."