Yadda na rage tarkacen saƙonni a Gmail

Tallace-tallace sun cika mini akwatin imel har saƙon makarantar yarana ya nutse a ciki. Kamfanonin da na sani, na danna Unsubscribe da ke kusa da sunansu, wato su daina aiko mini. Masu cewa na ci kyauta kuwa, ban taɓa komai a saƙonsu ba, domin dannawa kan tabbatar musu adireshin yana aiki. Spam na tura su, wato akwatin saƙonnin banza, inda Gmail ke gogewa bayan kwana 30.

Abin da ya fi yi mini amfani alamar + ce. Duk shagon da ya nemi imel, sai in ƙara + da sunan shagon a adireshina, kafin alamar @. Saƙo yana iso mini lafiya, kuma da baƙuwar talla ta shigo ta wannan adireshin, na san inda ya fita, sai in saita Gmail ya riƙa goge ta.